Maganin Barci Da Tsofaffinmu: Abin Da Ake Koya Wa Ɗaliban Aikin Jinya

 

Kusan kowane gida a karkara akwai tsoho ko tsohuwa. Kuma kusan kowa ya taɓa jin Baba ko Inna suna cewa, "Jiya ban runtsa ba." Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu aiki yaro kemis, ko mu tari mai tallar magani ran kasuwa, mu ce a ba mu maganin barci. Tausayi ne yake sa mu yin haka. To amma ƙwayar da za ta ba saurayi barci mai daɗi, ita ce za ta iya kayar da tsoho ya karye. Tana iya ruɗa shi. Tana ma iya tsayar masa da numfashi.

Saboda wannan haɗari ne ake jan kunnen ɗalibai a makarantun koyon aikin jinya a kan yadda ake ba tsoho irin wannan magani. Mun ga ya dace mu kawo muku abin da ake koya musu, domin a asibitocinmu ɗan uwa mai jinya shi ne yake kwana kusa da gadon mara lafiya. Idan ya san abin da nas take dubawa, zai taimake ta. Idan an koma gida kuma, aikin duka nasa ne.

MENE NE MAGANIN BARCI?

Maganin barci shi ne duk maganin da yake rage aikin ƙwaƙwalwa, ya kwantar da jiki, ya sa mutum gyangyaɗi. Wanda aka fi sani a ƙasarmu shi ne Valium, wanda likitoci suke kira dayazifam. Ya fito kasuwa tun shekarar 1963. Akwai ɗan uwansa Lexotan. Akwai kuma magungunan da ba don barci aka yi su ba, amma suna sa barci. Misali Piriton na mura da ƙaiƙayi, da Phenergan na amai. Haka nan magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, irin su tiramadol da kodin.

Waɗannan magunguna suna da amfani a hannun likita. Ana yi wa mai farfaɗiya allurar Valium don a tsayar da jijjiga. Ana ba wanda za a yi wa ƙaramar tiyata, ko wanda za a gyara wa ƙashi, don jikinsa ya saki. Laifin yana zuwa ne idan an bayar ba a bisa ƙa'ida ba.

ME YA SA JIKIN TSOHO YA BAMBANTA?

Yawancin magungunan da mutum yake sha, hanta ce take sarrafa su, ƙoda kuma ta fitar da su ta fitsari. Idan shekaru suka ja, hanta da ƙoda sukan rage ƙarfin aiki. Sai magani ya daɗe a jiki bai fita ba.

Ga misali da Valium. Saurayi ɗan shekara 20 idan ya sha, cikin awa 20 ko kusa da haka rabin maganin zai bar jikinsa. Tsoho ɗan shekara 80 kuwa sai ya yi kamar awa 90 kafin rabin ya fita. Wato kusan kwana huɗu ke nan.

Ku duba abin da wannan yake nufi. A ce Baba ya sha ƙwaya ɗaya daren Litinin. Ran Talata ya ƙara, ta jiya ba ta fita ba. Ran Laraba ya ƙara, ta shekaranjiya tana nan. Kamar dai a riƙa zuba ruwa a tsakar gida ne, rariya kuwa ta toshe. Kafin mako ya zagayo maganin ya taru. Sai a ga Baba yana barci da rana tsaka, yana tangaɗi, yana mance sunan jikokinsa. Mutanen gida sai su ce gigin tsufa ne ya kama shi, alhali ƙwaya ce.

Bayan wannan kuma, ƙwaƙwalwar tsoho ta fi ta yaro jin ƙarfin maganin. Ƙafafunsa ma dama ba su da ƙwari kamar da, ido ya rage gani, ƙashi ya yi rauni. Faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya kaɗe riga, ita ce takan karya wa tsoho ƙashin ƙugu. Tsohon da ya karye a ƙugu yakan daɗe a kwance, wani ma ba ya sake takawa.

Likitocin duniya sun daɗe da gane haka. A shekarar 1991 wani likitan tsofaffi a Amurka mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su wajen tsofaffi. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana sabunta jerin, ta kuma sake sabunta shi a 2023. Valium da 'yan uwansa suna ciki. Piriton da Phenergan ma suna ciki. Shawarar ita ce a guje musu ga wanda ya kai shekara 65, sai da dalili mai ƙarfi.

YADDA AKE KOYAR DA ƊALIBAI

Aikin jinya ba a shiga shi da ka. Hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma ta Nijeriya ita ce take tsara karatun, ita ce kuma take ba da lasisi. Karatun yakan ɗauki shekara uku ko fiye. Ɗalibai maza da mata sukan fara a aji, su koyi sunayen magunguna da aikinsu da lissafin awo. Daga nan su shiga ɗakin gwaji, inda ake koyo da mutum-mutumin roba. Bayan haka ne ake kai su ɗakin marasa lafiya.

Ko a can ɗin, ɗaliba ba ta ba da maganin barci ita kaɗai. Likita ne yake rubutawa. Babbar nas ce take tsayawa a kanta. Magunguna masu ƙarfi kuma ana kulle su a kabad, kowace ƙwaya da aka fitar sai an rubuta a littafi. Idan asibiti yana yin wannan taka-tsantsan, ku duba mu da muke sayen ƙwayar a ƙulle cikin leda.

Darussan da ake nanata wa ɗalibai a kan tsofaffi guda huɗu ne.

DARASI NA FARKO: A NEMI DALILI TUKUNA

Bari mu kawo misali irin wanda ake ba ɗalibai. An kwantar da wani dattijo a asibiti. Da tsakar dare ya fara mutsu-mutsu, yana nishi, yana ƙoƙarin sauka daga gado, yana fizge robar ƙarin ruwa. Ɗansa ya gaji, ya je wajen nas.

"Sista, don Allah a yi wa Baba allurar barci. Ya hana kowa sakat."

"To Malam, bari mu duba shi tukuna. Yaushe rabonsa da fitsari?"

"Tun da hantsi, ina ji."

Nas ta taɓa marar dattijon, ta ji ta cika tam. Fitsari ne ya ƙi fita, abin da yakan sami maza idan sun manyanta. Aka kira likita, aka sa roba aka fitar da fitsarin. Ba a daɗe ba Baba ya yi barci, ba allura ba ƙwaya.

Da an yi masa allurar nan, da ya yi shiru, amma da ciwon yana nan yana ɓata ƙoda. Wannan shi ne darasin. Tsoho idan ya ruɗe farat ɗaya, yawanci akwai abin da yake damun jikinsa. Ana koya wa ɗaliba ta duba zazzaɓi, da ciwon mafitsara, da rashin yin bayan gida, da ƙarancin ruwa a jiki, da saukar suga, da zafin ciwo, da wahalar numfashi. Idan an yi maganin dalilin, sau da yawa hankali yakan dawo. Maganin barci kuwa yana iya ƙara ruɗewar. Wani tsohon ma maimakon ya kwanta, sai ya ƙara birkicewa.

DARASI NA BIYU: A YI TAMBAYA

Idan likita ya ga lallai sai an bayar, ɗaliba za ta yi wasu tambayoyi. Ku ba ta amsa ta gaskiya, kada ku ɓoye komai.

Za ta tambayi shekaru. Tsofaffinmu da yawa ba su san shekarunsu ba, don haka akan auna da abin da ya faru a tarihi. Wanda aka haifa a shekarar samun 'yancin kai, 1960, ya haura 60. Wanda ya yi aure tun kafin naira ta fito a 1973, shi ma ya haura 60.

Za ta tambayi cututtukan da yake da su: asma, tari mai daɗewa, ciwon hanta, ciwon ƙoda, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga. Za ta tambaya ko yana minshari mai ƙarfi, har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Za ta tambaya ko ya taɓa faɗuwa kwanan nan.

Za ta tambayi duk maganin da yake sha. Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Ku zo da ledar magungunan gaba ɗaya, har da na kemis, har da jiƙo da sassaƙe na gargajiya. Dalili shi ne, maganin barci biyu idan suka haɗu a jiki ƙarfinsu yana ƙaruwa. Valium da tiramadol, ko Valium da kodin, ko Valium da giya, suna iya danne numfashi har mutum ya mutu cikin barci. Ku tuna gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun shekarar 2018. Duk wanda ya kawo muku shi ta bayan fage, kada ku karɓa.

Idan aiki za a yi wa mara lafiya, za ta tambayi lokacin da ya ci abinci. Ƙa'ida ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aikin, a daina shan ruwa awa 2 kafin aikin. Kunu da koko da fura duk abinci ne. Wasu masu jinya sukan faki ido su ba tsoho kunu don tausayi. Wannan ganganci ne. Idan ya yi amai cikin magagin magani, aman yana iya shiga huhu.

DARASI NA UKU: A FARA DA KAƊAN

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Haka ake koya wa ɗalibai. Awon tsoho yawanci rabin na babban mutum mai ƙarfi ne, wani lokaci ma ƙasa da rabi. Ana auna maganin da miligiram. Ƙwayar Valium akwai mai miligiram 2, akwai mai 5, akwai mai 10. Dukansu ƙanana ne a ido, amma ta 10 ta ninka ta 2 har sau biyar.

Idan allura ce ta jijiya, ana tura ta a hankali, ba a zuba ta gaba ɗaya. A tura kaɗan, a dakata 'yan mintoci, a ga yadda jiki ya karɓa. Magani yakan yi jinkirin kama tsoho. Mai gaggawa sai ya ce bai kama ba ya ƙara, daga baya duka biyun su kama lokaci guda.

Kafin ɗaliba ta miƙa magani, sai ta tabbatar da abubuwa biyar:

1. Wannan shi ne mara lafiyan da aka rubuta wa?
2. Wannan shi ne maganin da aka rubuta?
3. Awon ya yi daidai?
4. Ta baki ne ko allura?
5. Lokacin ya yi?

Bayan ta bayar sai ta rubuta a kati, don kada mai karɓar aiki a hannunta ya sake bayarwa. Ana kuma koya mata cewa idan ta ga awon ya yi wa tsoho yawa, ta koma ta tambayi likita. Tambaya ba rashin kunya ba ce a wannan aiki.

DARASI NA HUƊU: A TSAYA A KANSA

Aikin nas bai ƙare da ba da magani ba. Wanda aka yi wa allurar barci ba a barin sa shi kaɗai.

Za ta ƙirga numfashinsa. Babban mutum mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ya sauka ƙasa da 10, akwai matsala. Za ta auna jini da bugun zuciya. Inda akwai, za ta maƙala masa wata ƙaramar na'ura a yatsa mai nuna yawan iskar oksijin a jini.

Za ta kuma gwada nauyin barcin. Idan ta kira "Baba" ya buɗe ido ya amsa, lafiya. Idan sai an girgiza shi sosai, barcin ya yi nauyi. Idan an girgiza bai motsa ba, sai a kira likita nan take. A asibitin da yake da kayan aiki akwai oksijin, akwai kuma allurar da take karya ƙarfin maganin. A gida babu ko ɗaya.

Za ta kwantar da shi a gefe, don harshe ko amai kada su toshe maƙogwaro. Za ta ɗaga ƙarfen gefen gado idan akwai. Ba za ta bari a ba shi ruwa ko abinci ba sai ya farka sosai.

AIKIN MAI JINYA

Nas ɗaya takan kula da gadaje da yawa cikin dare. Kai da kake zaune kusa da Baba, idonka ya fi nata kusa. Ga abin da za ka yi.

Ka tambayi sunan maganin da aka ba shi, da lokacin da aka bayar. Tun da yanzu ka iya rubutu, ka rubuta a takarda.

Ka ƙirga numfashinsa da agogon waya. Ka dubi ƙirji, duk ɗagawa ɗaya numfashi ɗaya ne, har minti ya cika.

Kada ka bar shi ya je bayan gida shi kaɗai. Ya fara zama a bakin gado tukuna, jiri ya wuce, sa'an nan ka riƙe shi.

Idan an sallame ku a ranar da aka yi masa allura, kada a ɗora shi a bayan babur shi kaɗai. A nemi mota, ko wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi. Kada ya yi tuƙi, ko ya je bakin rijiya, sai kwana ya zagayo.

IDAN AN KOMA GIDA

Idan likita ya rubuta ƙwayar barci a sha a gida, mutum ɗaya ya riƙe ta, shi zai riƙa bayarwa. Kada a bar ta a ƙarƙashin matashin tsoho. Yana iya mancewa ya sha, ya sake sha. A kuma ɓoye ta daga yara.

Irin wannan magani na ɗan lokaci ne. Bai kamata a wuce mako biyu zuwa huɗu ana sha ba, domin jiki yana sabawa da shi. Idan ya ƙare, kada a ɗauki kwalin a je kemis a ƙaro. A koma wajen likita.

Amma a kula da wannan. Wanda ya yi watanni yana sha kullum, kada a tsayar masa rana ɗaya. Yin haka yana kawo rawar jiki da firgita, har da jijjiga. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan.

Lokacin hunturu a ƙara kula. Tsofaffi sukan kwana da kaskon wuta a ɗaki. Wanda ya sha maganin barci ba zai ji ba idan zane ya kama, hayaƙin gawayi kuma yana kisa a ɗakin da aka rufe. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

A kawar da tabarma mai naɗewa da kwanuka daga hanya. A ajiye tocila da gwangwanin fitsari kusa da shimfiɗa.

ALAMOMIN HAƊARI

A garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. An tashe shi ya ƙi tashi.
2. Numfashi ya yi ƙasa da 10 a minti, ko yana ɗaukewa.
3. Leɓe ko harshe ko farce sun canza launi sun yi duhu.
4. Magana ta sarƙe, ko bai gane mutanen gida ba.
5. Ya faɗi ya bugu a kai, ko ya kasa taka ƙafa.

Kafin a sami mota, a kwantar da shi a gefe. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri. A tafi da kwalin maganin, likita ya gani.

BARCI BA TARE DA ƘWAYA BA

Ana koya wa ɗalibai su fara gwada hanyoyin da ba na magani ba. Mu ma za mu iya yin su a gida.

Barcin tsoho dama ba ya nauyi kamar na yaro. Yakan kwanta da wuri ya farka da wuri. Wanda ya kwanta bayan lisha ya farka kafin asuba, ya sami barcinsa, ba ciwo ba ne.

Goro da shayi da kofi suna hana barci. A rage su daga la'asar. A rage barcin rana. A bar tsoho ya fito ya sha hantsi, ya ɗan taka zuwa masallaci ko ƙofar gida. A rage shan ruwa da yawa dab da kwanciya, amma a sha sosai da rana. Idan ciwon gwiwa ko ciwon baya ne yake hana shi barci, ciwon za a kai wa likita. Idan sauro ne, a ɗaura gidan sauro.

Wani lokaci kuma damuwa ce. Tsohon da abokan zamansa suka rasu, 'ya'ya suka tafi birni, yakan kwana yana tunani. A zauna a yi hira da shi bayan magariba, a tura masa jikoki. Idan damuwar ta yi yawa har ya daina cin abinci, a kai shi asibiti, domin ita ma ciwo ce mai magani.

'Yan uwa, iyayenmu sun yi rainonmu muna ƙanana, sun kwana ba barci saboda mu. Yanzu lokacin ramawa ne. Duk wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa na kusa da shi. Malaman azuzuwan yaƙi da jahilci kuma muna roƙo su tattauna shi da ɗalibansu, kowa ya koma gida ya duba irin ƙwayoyin da tsohonsa yake sha. Wanda ya ga abin da bai gane ba, ya kai wa ma'aikacin lafiya na kusa da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.